Fitilar Ruwan Inji a Tsofaffin Motocin Bas: Bayani ga Direbobi da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

Garin Ribah shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Danko/Wasagu, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu da ke Masarautar Zuru a Jihar Kebbi, tare da Zuru da Fakai da Sakaba. Akasarin jama'ar wannan yanki manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma zirga-zirgarsu daga Ribah zuwa Zuru da Maga da Wasagu da Bena, har zuwa Birnin Kebbi, ta dogara ne ƙwarai a kan ƙananan motocin bas. Su ne ke ɗaukar fasinja da buhunan dawa da masara a ranakun kasuwa, su ne ke kai mara lafiya asibiti, kuma da irinsu ne ma'aikatan lafiya da na gona ke shiga ƙauyuka.

Mafi yawan waɗannan motoci sun kwana biyu. Toyota Hiace da ake gani a tashoshinmu, da yawansu samfurin da aka ƙera ne tsakanin 1989 da 2004. Volkswagen Sharan, wadda direbobi ke kira Sharon, da 'yar'uwarta Ford Galaxy, an fara ƙera su ne a ƙasar Fotugal a 1995. Galibi sai da suka yi shekaru suna aiki a Turai kafin a kawo su Nijeriya a matsayin na hannu. Mota mai irin waɗannan shekaru tana iya ci gaba da aiki sosai, amma babu abin da ke kashe injinta da sauri kamar zafi.

Manufar wannan bayani ita ce a wayar da kan direbobi da masu motoci da jami'an da ke kula da motocin hukuma game da fitila guda ɗaya da ke allon gaban direba, wato fitilar ruwan inji. Wannan fitila saƙo ce daga inji. Idan ta kama, abu uku ne kawai take iya nufi: ko ruwa ya ragu, ko inji ya yi zafi fiye da kima, ko kuwa na'urar da ke kunna fitilar ce ta lalace. Aikin direba shi ne ya tsaya ya gano wanne ne daga cikin ukun kafin ya ci gaba da tafiya.

Yadda ruwa ke sanyaya inji

Duk man da inji ya ƙona, kimanin kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa yana tura ruwan ta cikin ramukan da ke jikin inji, ruwan ya ɗauki zafi, ya bi ta tiyon sama ya shiga lagireto. A can iskar da ke shiga ta gaban mota da wadda fanka ke jawowa suke sanyaya shi, sannan ya dawo ta tiyon ƙasa. A bakin hanyar ruwan akwai wata 'yar ƙofa mai suna tamostat, wadda take rufe idan inji na da sanyi, ta buɗe idan ruwan ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salshiyos, gwargwadon irin motar.

Murfin lagireto ma yana da aikin da ya wuce rufe baki. Ruwa yana tafasa a digiri 100 idan a buɗe yake, kamar a tukunya. Amma murfin yana danne shi da ƙarfi, yadda ba zai tafasa ba sai ya kai kusan digiri 120. Wannan ne ma'anar lambar da ake rubutawa a kan murfin motocin Japan, kamar 0.9 ko 1.1. Idan robar murfin ta mutu ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwan zai riƙa tafasa da wuri yana tsiyayewa, ko da kuwa komai na injin lafiya lau yake.

A yankinmu wannan tsari yana shan wahala a kowane lokaci na shekara. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana yakan kai digiri 40. Da hunturu ƙura ke toshe idanun lagireto, da damina taɓo, da kaka kuma ƙaiƙayi da ciyawa. Ga hawan tudu da ramukan hanya da ke tilasta wa direba tafiya da ƙaramar giya, ga kuma lodin da ya wuce kima a ranar kasuwa.

Ma'anar fitilar

Alamar da aka fi sani ita ce hoton ma'aunin zafi a tsaye a kan igiyar ruwa. Idan ja ce, gargaɗi ne na gaggawa. A wasu motocin da suka fi sabunta akwai irin wannan alama mai launin shuɗi, wadda ke nuna cewa inji bai gama ɗumi ba, kuma takan mutu da kanta bayan 'yan mintoci. A Sharon da Galaxy, jar fitilar takan yi ƙyaftawa idan ruwa ya ragu a gorar ruwa, haka kuma takan kama idan inji ya yi zafi. A wasu Hiace masu amfani da man dizal akwai fitila ta daban mai hoton lagireto, wadda aikinta kawai shi ne nuna raguwar ruwa.

Ya kamata kowane direba ya lura da allon motarsa a lokacin da ya murɗa makulli kafin ya tayar da inji. A yawancin motoci fitilun gargaɗi sukan kama na ɗan lokaci sannan su mutu, domin a tabbatar ƙwansu na aiki. Idan motar tana da fitilar ruwa amma ba ta taɓa kamawa a wannan lokaci ba, mai yiwuwa ƙwan ya ƙone ko wani ya cire shi, kuma wannan mota tana tafiya ne babu mai gadi.

Har ila yau, a riƙa haɗa fitilar da allurar zafi wajen karatu. Fitila ta kama, allura na tsakiya: an fi zaton ruwa ne ya ragu ko na'ura ce ta samu matsala. Fitila ta kama, allura ta doshi ja: inji ya yi zafi. Akwai kuma hali na uku da ke yaudarar direbobi da yawa. Na'urar da ke motsa allura tana auna zafin ruwa ne, saboda haka idan ruwan ya zube gaba ɗaya, ba ta da abin aunawa, sai allurar ta hau sannan ta sauko kamar komai ya daidaita, alhali injin yana ƙonewa. Allurar da ta hau ta faɗo da kanta ba tare da an yi komai ba alama ce ta haɗari.

Abin da za a yi nan take

Na farko, a rage gudu a nemi wuri mai kyau a gefen hanya, a kauce wa kwana da kan gada, a kunna fitilun gargaɗi, a kuma ajiye alamar tsayawa a bayan mota. Idan akwai ƙauye ko shingen jami'an tsaro a gaba kaɗan, wanda ido ke gani, kuma babu tururi, ana iya lallaɓawa zuwa can. Amma kada a ce sai an kai gari na gaba, domin tafiyar mintoci kaɗan babu ruwa ta isa ta lalata inji.

Na biyu, idan ana ganin tururi, ko ruwa na zuba ƙasa, ko ana jin inji na ƙara irin wadda ba a saba ji ba, a kashe shi nan da nan. Idan kuwa allura ce kawai ta ɗan hau a kan tudu, babu tururi babu zuba, a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kunna hita har ƙarshe idan tana aiki, a bar injin yana silo na 'yan mintoci. Hita ƙaramar lagireto ce, tana taimakawa wajen kwashe zafi. Idan allurar ba ta fara sauka ba, a kashe injin.

Na uku, a sauke fasinjoji su koma nesa da titi. Wannan ya fi muhimmanci a Hiace da makamantanta, domin injinsu a ƙarƙashin kujerar gaba yake, kuma idan aka ɗaga kujerar tururin cikin motar zai shiga.

Na huɗu, kada a buɗe murfin lagireto ko na gorar ruwa da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, kuma da zarar an saki murfin zai tafasa ya yi tsiri zuwa fuska da hannu. A jira aƙalla minti 30, har sai an iya riƙe tiyon sama da hannu kuma an ji ya yi laushi. Sannan a ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, a murɗa shi kaɗan, a jira iskar ta gama fita, kafin a cire.

Na biyar, kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi, kuma kada a ɗura shi a ciki. Ƙarfe mai zafi idan ya haɗu da sanyi farat ɗaya yana iya tsagewa ko ya karkace. Kazalika a yi hattara da fankar lantarki irin ta Sharon, domin tana iya tashi da kanta ko da inji a kashe yake.

Idan tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai tsabta mai sanyi na tsawon minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai shi asibiti mafi kusa. Kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai.

Bincike bayan inji ya huce

Matakin farko shi ne duba yawan ruwa. A jikin gorar ruwa akwai layi biyu, na sama da na ƙasa, kuma ruwa ya kamata ya tsaya tsakaninsu idan inji na da sanyi. A motocin da lagiretonsu ke da nasa murfin, kamar tsofaffin Hiace, wajibi ne a buɗe a duba cikin lagireton kansa, domin gora tana iya kasancewa cike alhali lagireto babu komai, musamman idan murfin ko ɗan siririn tiyon da ke haɗa su ya lalace.

Idan ruwa ya ragu

Ruwan inji ba ya ƙarewa haka kawai. Motar da ake ƙara wa ruwa kowace safiya tana da inda take zubarwa, ko da ba a ganin ɗigo a ƙasa. Wuraren da za a duba su ne: bakin kowane tiyo inda kilif ya kama shi; jikin tiyon, ko ya kumbura ko ya yi taushi ko ya tsattsage; gefunan lagireto, musamman inda roba ta haɗu da ƙarfe; ƙasan famfon ruwa, inda akwai wani ɗan rami da ke fara ɗiga idan famfon ya gaji; jikin gorar ruwa, wadda ke tsagewa idan ta tsufa; da kuma murfi. Fari ko jan busasshen tabo a jikin ƙarfe yana nuna inda ruwa ya saba bi.

Motocin bas suna da wani wuri na musamman da ake yawan mantawa da shi. Da yake an ƙera su ne domin ƙasashe masu sanyi, da yawansu suna da hita ta biyu ta fasinjojin baya, kuma bututun ƙarfen da ke kai mata ruwa ta ƙarƙashin mota yake bi. Wannan bututu ya sha gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara, saboda haka sau da yawa ya riga ya yi tsatsa kafin motar ta iso nan. A leƙa ƙarƙashin mota daga gaba har baya. Haka nan idan dardumar da ke ƙarƙashin ƙafar direba ta jiƙe, ko gilashi na yin gumi daga ciki tare da wani ƙamshi mai zaƙi, hitar gaba ce ke zubarwa.

Idan zubar kaɗan ce, ana iya ɗaure kilif, a cika ruwa, a tafi a hankali zuwa gareji ana tsayawa ana dubawa. Bayan an cika, a tayar da inji a bar shi ya ɗumi, hita a buɗe, domin iskar da ta shiga ta fita, sannan a sake dubawa bayan ya huce. Iskar da ta maƙale a cikin dogayen bututun bas tana iya sa fitilar ta sake kamawa bayan tafiya kaɗan.

Idan ruwa na nan amma inji ya yi zafi

A fara da fambel. A tsofaffin injuna da yawa, bel ɗaya ne ke juya famfon ruwa da na'urar cajin batir, shi ya sa idan fitilar batir ta kama tare da hawan allura, kusan tabbas bel ne ya tsinke ko ya saki. A wannan hali ba a tafiya sai an gyara, kuma wannan ne dalilin da ya sa ya dace kowace bas ta riƙa yawo da fambel na ko-ta-kwana.

Sai fanka. Idan mota na zafi a cunkoso ko a tsaye amma tana hucewa idan ta kama gudu, fanka ce abin zargi. A Hiace, bel ne ke juya fankar ta hanyar wani kulochi mai mai a ciki. Idan inji na kashe kuma yana da ɗumi, aka tura fankar da hannu ta yi ta juyawa babu nauyi, kulochin ya mutu. A Sharon fankar ta lantarki ce, don haka a duba fiyus da wayoyi da soket.

Idan akasin haka ne, wato mota lafiya lau a cikin gari amma tana zafi a kan gudu ko a hawan tudu da lodi, an fi zaton lagireto ne ya toshe. Toshewar waje ana ganinta da ido, taɓo ne da ƙura da ciyawa, kuma ana wanke ta da ruwa daga baya zuwa gaba ba tare da an lanƙwasa siraran ƙarafan ba. Toshewar ciki kuwa tsatsa ce da dattin ruwa, sai mai gyaran lagireto ya buɗe ya wanke, ko a sauya.

Tamostat ma tana maƙalewa a rufe. Alamarta ita ce inji ya yi zafi cikin ɗan lokaci, amma lagireto bai ɗauki zafi ba. Makanike zai iya cire ta ya gwada a cikin tafasasshen ruwa: idan ba ta buɗe ba, ta mutu. Haka kuma fiffiken famfon ruwa yana iya cinyewa saboda tsatsa, ko ya kwance idan na roba ne, sai famfon ya riƙa juyawa ba ya tura komai.

Mafi tsananin matsaloli ita ce ƙonewar gasket ɗin kan inji. Alamominta sun haɗa da farin hayaƙi mai yawa daga salansa wanda ba ya tsayawa bayan inji ya ɗumi. Kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa. Tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan bayan an tayar da inji mai sanyi. Baƙin mai ya koma launin shayi mai madara. Ruwa na raguwa babu ɗigo a ko'ina. Motar da ta nuna waɗannan alamu janye ta ake yi zuwa gareji. Ci gaba da tuƙa ta shi ke sa inji ya buga.

Idan ruwa ya cika kuma inji bai yi zafi ba

A nan ne ake zargin na'urar. A Sharon da Galaxy, wasu siraran ƙarafa biyu ne a cikin gorar ruwa ke gane ko akwai ruwa. Idan tsatsa ko datti ya lulluɓe su, fitilar za ta riƙa ƙyaftawa ko da gorar cike take. Maganinsa a wanke su, ko a sauya gorar. A wasu motocin wani ɗan abu ne mai yawo a saman ruwa, wanda ke maƙalewa ko ya nutse idan ya tsufa. Bayan wannan, soket mai tsatsa da wayar da ɓera ya ci ko zafi ya ƙona duk suna kawo haka. A wasu tsofaffin Toyota kuma, idan caji ya tsaya fitilu da dama kan kama lokaci guda, saboda haka a duba cajin kafin a zargi ruwa. Wannan aikin mai gyaran wayar mota ne, kuma ba shi da tsada. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a cire ƙwan, ko a haɗe wayoyin biyu domin fitilar ta yi shiru, domin ranar da ruwan zai zube da gaske babu abin da zai faɗa wa direba.

Wasu al'adun da ya kamata a bari

Al'ada ta farko ita ce cire tamostat da zarar mota ta iso, bisa tunanin cewa ta ƙasashen sanyi ce. Inji an ƙera shi ne ya yi aiki da wani zafi na musamman. Idan babu tamostat yakan daɗe bai ɗumi ba, ya ƙara shan mai, ya kuma ci kansa da wuri. A wasu injunan ma, tamostat ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin inji, idan aka cire ta wani ɓangare na ruwan ba zai bi ta lagireto ba. Idan ta lalace, sauya ta ake yi.

Ta biyu ita ce haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa kullum. Wannan yana ɓoye ainihin cutar ne, ya kuma gajiyar da fankar da batir.

Ta uku ita ce zuba ɗanyen ƙwai ko garin kwaki ko barkono a lagireto domin toshe zuba, ko garin sabulu domin wanki. Abin da ya toshe ramin zuba zai toshe siraran hanyoyin ruwa ma.

Ta huɗu ita ce amfani da ruwan rafi ko na rijiya zalla shekara da shekaru. Irin wannan ruwa yana ɗauke da laka da ma'adinai da ke daskarewa a cikin lagireto, kamar yadda ake gani a gindin butar shayi, kuma ba ya hana tsatsa. A halin gaggawa kowane ruwa mai tsabta ya fi babu, amma a juye shi idan an isa gida. Abin da ya dace shi ne ruwan sanyaya inji na kanti, wanda makanikai ke kira kulan. Wani a haɗe yake zuwa, wani kuma sai an gauraya shi da tataccen ruwa, galibi rabi da rabi, don haka a karanta jikin galan. Amfaninsa a ƙasarmu shi ne hana tsatsa da ƙara jinkirta tafasa. Kada a gauraya iri biyu daban, kuma idan za a sayi tataccen ruwa a wurin masu batir, a tabbatar ba mai asid ba ne.

A sani kuma cewa kulan guba ne. Yana da launi mai ban sha'awa da ɗanɗano mai zaƙi, kuma kaɗan daga cikinsa yana lalata ƙodar yaro ko dabba. Kada a ajiye shi a robar lemo, kada a zubar da tsohonsa kusa da rijiya ko mashayar dabbobi. Wanda ya sha, a garzaya da shi asibiti ko da bai nuna alamar ciwo ba.

Kira ga jami'ai da shugabannin tasha

Motar ɗaukar marasa lafiya da ta tsaya a daji da mace mai naƙuda a ciki, ko motar da ke ɗauke da allurar rigakafi da ba ta son zafi, asararta ta wuce kuɗin gyara. Haka kuma, bisa la'akari da matsalar tsaro da yankin ya fuskanta a shekarun baya-bayan nan, lalacewar mota a tsakanin ƙauyuka da yamma lamari ne da ya shafi rayuka. Saboda haka ana shawartar jami'an sufuri na ƙananan hukumomi da shugabannin cibiyoyin lafiya da su ɗauki waɗannan matakai:

1. Kowace mota ta kasance da littafin da direba zai riƙa rubuta ranar da ya ƙara ruwa da yawan abin da ya ƙara. Wannan littafi shi zai nuna zuba tun tana ƙarama.

2. A wajabta duba ruwa da baƙin mai da fambel kowace safiya kafin a tayar da inji, a kuma wanke gaban lagireto bayan tafiyar taɓo ko ta gona.

3. A riƙa sauya ruwan inji bisa ƙa'idar kamfanin da ya ƙera motar. Ga kulan irin na da, bayan kowace shekara biyu ne. Lokacin da ya fi dacewa da duba tiyo da murfi da fanka shi ne watan Fabrairu, kafin zafin bazara ya shigo.

4. Kowace mota ta riƙa ɗaukar jarkar ruwa mai tsabta, da fambel, da kilif, da fiyus, da tsumma mai kauri, da tocila.

5. Kada a tsawata wa direban da ya tsaya saboda fitila ta kama, ko da hakan ya jawo makara. Direban da ke tsoron faɗa shi ne ke ci gaba da tafiya har inji ya buga.

6. A saki kuɗin ƙananan gyare-gyare a kan lokaci. Murfi da tiyo da tamostat suna daga cikin kayan gyara mafi araha, sabon inji kuwa yana daga cikin mafi tsada, kuma motar hukuma da injinta ya buga takan daɗe a kan duwatsu a harabar ofis.

Shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a tashoshin Ribah da Zuru da sauran garuruwa suna da rawar takawa wajen hana lodin da ya wuce kima, da tabbatar da cewa ba a yi wa motar da ke zubar da ruwa lodin doguwar tafiya ba. Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa, 122, ga wanda ya samu haɗari a hanya. Su kuma fasinjoji, ana roƙonsu da su yi haƙuri idan direba ya tsaya domin inji ya huce, su daina matsa masa ya buɗe murfi ko ya ci gaba. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Kammalawa

Tsohuwar mota tana iya yi wa mai ita da al'umma hidima na shekaru masu yawa idan aka kiyaye ta daga zafi. Duk lokacin da fitilar ruwa ta kama, a tsaya a wuri mai aminci, a jira inji ya huce, a duba ruwa, a nemi inda yake zuba, a duba bel da fanka da lagireto, sannan daga ƙarshe a zargi na'ura. Abin da ya fi ƙarfin direba a kai shi ga ƙwararren makanike, a kuma tabbatar fitilar tana aiki kafin motar ta bar gareji. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya.